Ruwan Alli: Labarin Famfon Wani Gari A Gefen Landan

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana labarin ruwan famfo na garin da na ke zaune a ƙasar Ingila. Dalilina kuwa shi ne, yanzu mutanenmu suna ta zuwa ƙasar nan, wasu karatu, wasu aikin asibiti, wasu kuma sun biyo mazansu. Na lura ko wane baƙo a kan ja masa kunne game da sanyi da tsadar haya, amma ba mai ce masa kome game da ruwa. Ga shi kuwa ruwan nan ya kan ci kuɗin mutum a ɓoye, ya kuma sa wa matan gida tsoron da ba shi da tushe.

Sunan garin Sant Albans, yana wajen mil 20 arewa da Landan. Tsohon gari ne ƙwarai, tun zamanin Rumawa akwai birni a wurin, su suna kiransa Verulamium, har yanzu ana ganin guntayen ganuwarsu. Amma a yau da yawa daga cikin mutanensa a Landan su ke aiki, su shiga jirgin ƙasa da safe, cikin minti 20 da 'yan kai sun isa, da maraice su komo. Shekarata shida a nan da iyalina.

Ruwan garin in ka tara shi a kofi garau ya ke, ba laka, ba wari, ba ƙwayar cuta, kuma dare da rana ba ya yankewa. Wanda ya taɓa bin layin tuƙa-tuƙa ko jiran 'yan garuwa ba zai raina wannan ni'ima ba, ni ma ban raina ba. Sai dai irin ruwan nan ne da Turawa ke kira da wani suna wanda in an juya shi da Hausa sai a ce ruwa mai tauri. Mu abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne ruwan rijiya mai zartsi, wanda mata ke ƙi don ba ya kumfa. Amma zartsi sau da yawa da gishiri-gishiri a baki, wannan kuwa ba shi da shi. Don haka ni a takardar nan zan kira shi ruwan alli, gama allin ne a cikinsa, narkakke, ido ba ya gani.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, ga dalilin wannan. Ƙarƙashin yawancin kudu maso gabashin Ingila farin dutsen alli ne shimfiɗe, shi ne kuma ya fito fili a gaɓar teku a Doba, inda a ke ganin fararen duwatsun nan da suka yi suna. Masana sun ce a dā can, shekaru miliyan 70 zuwa 100 da suka wuce, teku ce ta rufe wurin, ɓawon wasu 'yan mitsi-mitsin halittu na ruwa ya yi ta zuba a ƙasa har ya taru ya zama dutse. Dutsen nan kamar soso ya ke, yana shan ruwan sama ya riƙe. Shi kuwa ruwan sama, tun yana saukowa ya kan kwashi iskar kabon, in ya ratsa ƙasa ya ƙara kwasa, sai ya yi ɗan tsami kaɗan wanda harshe ba ya ji. Wannan ɗan tsamin shi ke narkar da alli. Garinmu yana gindin tuddan Chiltern, waɗanda su ma alli ne, kuma yawancin ruwan da mu ke sha daga rijiyoyin burtsatse a ke jawo shi, waɗanda aka haƙa cikin dutsen. Watau dai dutsen da ya tace mana ruwa har ya yi garau, shi ne ya zuba mana alli a ciki.

Ana auna abin da miligiram a cikin ko wace lita. Ruwan da bai kai 60 ba, shi a ke kira mai laushi. Namu yana wajen 300, wata unguwa ma ya ɗara. Bari in yi wa akawuna lissafi, don na san su da son ƙididdiga. A Ingila mutum ɗaya ya kan ɓatar da wajen lita 140 a yini, tsakanin wanka da wanki da bayan gida da dafuwa. Mu biyar ne a gidana, lita 700 ke nan. In ko wace lita tana ɗauke da miligiram 300, alli giram 210 ke ratsa bututun gidana kullum, a shekara kuwa ya fi kilo 76, nauyin buhun siminti ɗaya da rabi. Da sauƙi tun da yawancinsa wucewa ya ke yi tare da ruwan. Wanda ke zama shi ne na ruwan da aka dafa, ko wanda ya bushe a kan wani abu. Domin zafi ya kan kori iskar nan da ta riƙe allin a narke, da ta fita sai alli ya komo dutse, ya manne a inda ya sami kansa.

Inda a ke fara ganinsa shi ne butar shayi ta lantarki. Sabuwar buta mai ƙyalli, kafin wata guda gindinta ya yi fari fat, kafin wata uku ya yi ɓawo mai kauri kamar ƙanzon tuwo, yana ɓarewa yana biyo ruwa cikin kofi. Mai ɗakina ita ta raɗa masa suna ƙanzon alli, sunan kuwa ya bi shi a gidanmu. Shayin kansa, in ba a sa madara ba, sai ka ga ya yi duhu, bisansa kuma ga wata irin yana mai walƙiya kamar an ɗiga mai. Wasu masana a Kwalejin Imperial ta Landan sun bincika wannan a 1993, suka tarar alli ne ya haɗu da abin da ke fita daga ganyen shayi. In ka matsa lemon tsami kaɗan, ba ta fitowa. Har akwai kamfanin da ke haɗa ganyen shayi na musamman don masu irin ruwanmu, Yorkshire Tea, ya rubuta haka a jikin kwalin. Ka ji mutanen da ba su wasa da shayi.

Wake kuwa, a nan ne mai ɗakina ta fara gane ruwan. Ta ce wake ɗaya, tukunya ɗaya, amma wanda ke nuna cikin sa'a guda a gida, a nan sai ya yi ta tafasa yana gardama. Gaskiyarta. Allin ya kan kama abin da ke riƙe da naman waken ya ƙara masa ƙarfi. Maganinsa kuwa tun kakanninmu an san shi, watau kanwa. 'Yar kaɗan in ta shiga tukunya sai ta kwantar da allin, ta kuma saki waken. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, garin sodar wanki da Turawa ke saye a kanti don su tausasa ruwan wankinsu ɗan'uwan kanwa ne na kusa, asalin gishirinsu ɗaya. Tsohuwar da ke jefa kanwa cikin wake a Gumel, da Baturiyar da ke zuba soda cikin injin wanki a nan, ilmi ɗaya su ke aiki da shi, ko da ya ke ba wadda ta san da 'yar'uwarta.

Sai batun sabulu, wanda shi ya fi cin rai. Sabulu na sosai, irin sabulun salo ko na sanda, in ya gamu da ruwan alli ba ya fara kumfa sai ya gama faɗa da allin. Wanda ya mutu a wurin faɗan shi ne farin dattin nan mai danƙo da ke kewaye bahon wanka, yana kuma maƙalewa cikin zaren tufa. Shi ya sa tawul ke yin kaushi kamar buhun algarara, farar riga kuma ta dushe ta koma ruwan toka. Ina da wata farar shadda da na zo da ita don Salla, yanzu sai dai in sa ta a cikin gida. Garin wanki na zamani an haɗa shi da magungunan da ke kama alli, amma duk da haka in ka duba bayan kwali za ka ga an rubuta awo iri-iri, na masu ruwa mai laushi daban, na masu irin namu daban, namu kuwa shi ne mai yawa. Mutumin Gilasgo da ni mu sayi kwali ɗaya, nawa ya riga nasa ƙarewa. Kan shawa ma ramukansa su kan toshe ɗaya bayan ɗaya, har ruwa ya riƙa fita a karkace yana feshin bango. Gilashin ɗakin wanka kuwa, in ba a share shi da tsumma bayan ko wane wanka ba, sai ya yi dabbare-dabbare, ranar tashi daga gida mai haya ya cire kuɗin gogewa daga abin da ka ajiye masa. Wannan ya sami mutanenmu da dama.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Babbar ɓarna tana cikin tukunyar gas wadda ke dafa ruwan gida duka. A cikinta akwai wasu siraran hanyoyi na ƙarfe inda ruwan sanyi ke bi ya ɗauki zafi. Ƙanzon alli ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauƙi, saboda haka in ya lulluɓe ƙarfen sai tukunya ta riƙa shan gas da yawa tana ba da zafi kaɗan, tana ƙara kamar ana soya gyaɗa, daga nan hanyoyin su toshe. Tamu ta tsaya a watan Janairu na shekararmu ta uku, ana tsakiyar hunturu, ruwa yana daskarewa a waje. Kwana huɗu muka yi muna dafa ruwan wankan yara a tukunyar tuwo kafin mai gyara ya sami sukunin zuwa, don a lokacin nan ko wane gida nemansa ya ke. Da ya ciro ƙarfen ya miƙo mini, na ji nauyinsa, na leƙa ciki na ga fari ƙal kamar an cusa farar ƙasa. Kuɗin da na biya ya kusa cefanen wata guda. Shi ya gaya mini cewa ƙa'idar gine-gine ta Ingila ta ce inda ruwa ya wuce 200 a sa wa tukunya abin tsare ta daga alli tun ranar kafa ta. Wanda ya kafa tamu, tun kafin mu shigo gidan, bai sa ba. Ya kuma ce in gida yana da tankin ajiye ruwan zafi, a tsayar da shi a digiri 60. In ya wuce haka alli ya fi saurin kwanciya, in ya gaza kuma wata ƙwayar cuta mai kama huhu tana iya hayayyafa a ciki.

To, yanzu ga tambayar da mata suka fi yi mini, wai abin da ya yi wa buta haka, me zai yi wa cikin mutum? Na san gidaje a nan da ba su shan ruwan famfo ko kusa, sai na kwalba, suna ɗaukar kaya niƙi-niƙi daga kanti ko wane mako don tsoron tsakuwar ƙoda. Ina so su kwantar da hankalinsu. Cikin mutum ba buta ba ne, ba ya tafasa, kuma tsamin da ke cikin tumbi ya fi ƙarfin alli nesa. Abin da ke cikin allin, watau kalsiyam, shi ne abin da ƙashi da haƙori ke bukata. Lita biyu ta ruwanmu tana ɗauke da wajen miligiram 240 nasa, kusan daidai da kofin madara guda, babban mutum kuwa a nan an ƙayyade masa 700 a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa taurin ruwa wata iyaka ba ta fuskar lafiya. Mai tsoron tsakuwar ƙoda, abin da likita zai fara ce masa shi ne ya yawaita shan ruwa. Abin dariya kuma, ruwan Evian da a ke kawowa daga Faransa, wanda wasu ke saye da tsada don gudun famfo, in ka karanta jikin kwalbar ka yi lissafi, taurinsa ya kai 300, daidai da wanda suka gudu suka bari a gida.

Fata ita ce ke da magana. Ɗiyata ƙarama tana fama da kirci a gwiwar hannu da bayan ƙafa, mun kuwa ga yana tashi in an yi mata wanka da sabulu mai yawa. Masana sun nuna ruwan alli ya kan bar saurar sabulu a kan fata, ita kuwa ta busar da ita. Amma kada wannan ya sa uba ya ci bashi. A 2011 aka buga sakamakon wani gwaji da likitocin Jami'ar Nottingham suka shugabanta, da yara 336 masu kirci, aka kafa wa wasunsu injin tausasa ruwa a gida, wasu ba a kafa ba. Da aka auna fatar yaran ba a sami bambancin kirki ba. Mu abin da ya taimake mu shi ne rage sabulu, da gajarta wanka, da shafa man kaɗanya tun jiki bai gama bushewa ba, tare da maganin da likita ya rubuta.

Wani malami baƙo da ya sauka wurina ya leƙa cikin buta, ya tambaye ni ko alwala ta inganta da wannan ruwa. Na ce masa, Allah gafarta Malam, ai kai za ka gaya mini. Ya yi dariya ya ce lalle a Risala an bayyana, ruwan da ƙasar da ya ke kwance a cikinta ta sāke shi yana nan da tsarkinsa, balle wannan da ko launinsa bai sāke ba.

Mai karatu zai ce, ƙasa mai arziki kamar Ingila, me ya hana a cire allin tun daga tushe? Ba rashin sani ba ne. Tun 1841 wani malamin kimiyya na Abadin a Sikotlan, Thomas Clark, ya fito da dabarar. Abin mamaki, farar ƙasa a ke ƙara wa ruwan, ita ce ke jawo allin ya kwanta a gindin tanki, a tsiyaye na sama. A ƙasar Holan an daɗe ana tausasa ruwan gari kafin a sako shi, a yankin Kofenhegen na Denmak ma an soma a 2017. A Ingila kuwa, ban da wani yanki na Surrey inda tsohuwar doka ta tilasta haka, yawanci an bar wa ko wane mai gida ya ji da kansa, bisa hujjar cewa ruwan ba ya cutar da lafiya, aikin kuma da tsada. Ni dai a ganina wannan hujja ba ta cika ba. Tsadar tana nan, an dai rarraba ta ne gida gida, a tukwane da sabulu da kuɗin gas, kuma wanda ya fi jin ta shi ne ɗan haya, wanda ba shi da ikon taɓa bututun gidan da ba nasa ba.

Kada kuma a ɗauka masu ruwa mai laushi sun huta sarai. Mutanen Gilasgo tun 1859 su ke shan ruwan tafkin Loch Katrine, Sarauniya Biktoriya ce ta buɗe aikin. Na Mancesta suna jawo nasu daga Thirlmere tun 1894, na Bamingam kuma daga kwarin Elan a Wels tun 1904, tafiyar mil 73. Butocinsu tas su ke. Amma ruwa mai laushi yana cin bututun darma, irin na tsofaffin gidajen da aka gina kafin 1970, har a Gilasgo ya zama tilas aka riƙa zuba wa ruwan farar ƙasa tun ƙarshen shekarun 1970 don a rage wannan. Wanda ya ji abin da darma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an gaya masa haɗarinta ba. Ƙanzon nan da mu ke zagi, shi ke shafe cikin bututu ya rage haɗuwar ruwa da darma.

Ga abin da mu ke yi a gidana, ko wani zai amfana. Buta, sau ɗaya a wata a zuba mata ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ko garin tsamin lemo cokali biyu, a tafasa, a bari ya huce, a ɗauraye. Za ka ga yana tsiyayar kumfa, iskar nan ce ke fita. Kan shawa a kwance shi a jiƙa a ciki ya kwana. Amma ina gargaɗi da babbar murya, kada a kuskura a haɗa ruwan khal ko wani maganin alli da bilic, domin suna tayar da iska mai guba wadda ke iya kayar da mutum a ɗakin wanka. Kada kuma a zuba su a kan dutsen marmara, shi ma ɗan'uwan alli ne, za su cinye shi. Mai gidan kansa yana iya kafa injin tausasa ruwa, wanda ke karɓe kalsiyam ya ba da sodiyam a madadinsa, ana ciyar da shi da gishiri. Yana aiki sosai, sai dai a ruwa irin namu ya kan ƙara sodiyam wajen miligiram 140 a lita, don haka a kan bar famfon kicin ɗaya ba a haɗa shi da injin ba, saboda sha da haɗa madarar jarirai. Masu yawo gida gida suna tallar maganaɗisun da a ke ɗaura wa bututu kuwa, masana ba su haɗu a kan amfaninsa ba, kuma ko mai tallar ba zai ce yana fitar da alli daga ruwa ba.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga malaman makaranta. Shi Clark ɗin nan ya bar wata hanyar awo mai sauƙi, wadda ba ta bukatar kome sai kwalba da sabulu, har a ke kiran ma'aunin da sunansa. Digirinsa ɗaya miligiram 14 ne da 'yan kai a lita, ruwanmu na nan wajen digiri 21 ke nan. A narka sabulun sanda cikin ruwan sama, a sami kwalabe masu girma ɗaya, a zuba ruwan sama a ɗaya, na rijiya a ɗaya, na burtsatse ko na famfo a ɗaya, duk awo ɗaya. A riƙa ɗiga ruwan sabulun ana girgizawa ana ƙirgawa, har kumfa ya tsaya minti biyar bai kwanta ba. Kwalbar da ta fi cin ɗigo ita ta fi tauri. Sa'an nan a tafasa ruwan da ya fi ci, a bari ya huce, a sāke gwadawa. In ya ragu, alli ne, in kuwa bai ragu ba, wani gishirin ne dabam wanda tafasa ba ta fitarwa. Ina so ƙwarai in ji abin da malaman Sakkwato za su samu, musamman na wajen Kalambaina inda a ke haƙar dutsen siminti, su aiko wa Edita ya buga mu gwada da namu.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani mai karanta jaridarka,
Sant Albans, Ingila.